Jegon Ƙaguwa

Ranar Laraba na tsince ta a ƙasan gonata ta fadama, bayan ambaliya ta janye. Tana tsaye a gefen shinkafa, ta ɗaga hannuwa biyu sama kamar wadda aka tsayar a hanya. Shekarata saba'in da ɗaya a ƙasar Gafasa, amma ƙaguwa uku na taɓa gani, ɗaya ma a littafin 'yan aji huɗu ne, lokacin ina firamare a Gaya, kafin a cire ni a mayar da ni gona. Na tuɓe hulata na kife ta, na kawo ta gida.

Matata Larai tana tsintar wake a tsakar gida. Ta dubi kaina ba hula, ta dubi hular a hannuna tana motsi.

"Malam, mene ne a ciki?"

"Baƙuwa ce."

"Ƙafarta nawa?"

"Goma, in an haɗa da hannuwa."

"To ba a ɗakina ba."

Larai ta saba da ni. Ina da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado inda nake ajiye abubuwan da Allah ya yi su daban: masara mai kai biyu, dutse mai rami a tsakiya, haƙorin jaki mai lanƙwasa. Sai dai duk waɗannan ba sa tafiya. Na sa ƙaguwa a kwano, ta haura ta fita. Na sa ta a bokiti, ta dinga karce shi har kaji suka taru. Abu ɗaya ne a gidan mai wuyan da ba za ta iya haurawa ba, babbar randar Larai, wadda ke kife a bayan rumbu ba a taɓa ta sai ranar biki. Na juyo ta, na sa dutse ɗaya a ciki, na zuba ruwan sama daga duron da ke ƙarƙashin indararo. Shi ne ruwa mafi kyau a gidanmu, shi muke ba baƙi.

"Kwana biyu kawai," na ce wa Larai. "In kalle ta, in mayar da ita."

"Sadiyya ta shiga watanta. Ranar da ta sauka, ka fara lissafin kwanakin randata."

Sadiyya matar autanmu Sagiru ce, cikin fari ne kuma.

Ranar Juma'a da hantsi na leƙa randa, sai na ga ƙaguwa biyu. Ɗaya tana kwance a kan dutsen, ba ta motsi, bayanta a tsage. Ɗayar ta maƙale a ƙarƙashin dutsen, ta fi ta farkon girma kaɗan, launinta fari-fari kamar na ɗanyen ƙullu. Na zauna a kan turmi na yi tunani mai tsawo. Abin da na fahimta shi ne, baƙuwata da ciki na ɗauko ta, ta haifi 'yar da ta fi ta girma, kuma haihuwar ce ta kashe ta. Ban ga wata hanyar da lissafin zai fita ba.

Sai na tuna Sadiyya tana can ɗaki tana nishi da ƙafafu a kumbure. Ba a gaya wa mai ciki wata tara cewa an mutu wajen haihuwa a gidanta, ko da ƙaguwa ce. Na ɗauki mamaciyar da cokali, ba ta da nauyi ko kaɗan, na ce wahala ce ta cinye ta. Na naɗe ta a ganyen masara, na haƙa rami mai zurfin taƙi ɗaya a gindin katangar gabas, na binne, na tattake wurin. Ban gaya wa kowa ba.

Washegari Asabar Sadiyya ta sauka lafiya, namiji. Gida ya cika da mata. Kafin azahar an kawo duwatsu uku da rabin duro an kafa murhun ruwan wankan jego. Da na dawo daga masallaci na ga inda aka kafa shi. A gindin katangar gabas ne, daidai kan kabarin. Na tsaya na duba, na wuce.

Larai ta tare ni a zaure.

"Suna ranar Asabar mai zuwa. Ranar Juma'a da safe zan wanke randata in cika ta. Ka san inda za ka kai marar gaskiyar ƙaguwar taka."

"In Allah ya yarda."

"Allah ya yarda tuni, Malam. Kai ake jira."

Na yi niyyar mayar da marainiyar kogi a ranar. Amma da na sa yatsa na taɓa bayanta, sai yatsan ya lotsa kamar na danna tuwon da ya kwana. Ta ɗaga hannunta mai kama da awartaki ta kama ni, na ji kamar jariri ne ya riƙe ni. Ba ta ci gutsuren kifin da na jefa mata ba. Na ce ƙila haka 'ya'yan ƙaguwa suke.

Na tafi wurin Kabo. Kabo ɗan ƙanwar babana ne, abokin wasana tun muna yara, ya yi shekara ashirin yana sana'ar su kafin gwiwa ta zaunar da shi. Yana da rijiya a ƙofar gida wadda sabulu ba ya kumfa a ruwanta, kuma duk butar da aka dafa shi a ciki sai ta yi farin ɓawo a gindi. Na shekara talatin ina faɗa a majalisa cewa ko jaki sai ya yi shawara da iyalinsa kafin ya sha ruwan rijiyar Kabo. Shi kuma yana kirana Sarkin Tarkace.

"In aka saki ƙaguwa mai laushi a kogi, me zai faru?" na tambaye shi, bayan na ba shi labarin haihuwar ƙaguwa a asirce.

"Tarwaɗa za ta yi maka godiya. In tarwaɗa tana azumi, zalɓe ba ya yi." Ya gyara zama. "Sarkin Tarkace, ashe kaka sau biyu ka zama a mako ɗaya?"

"Ɗaya marainiya ce."

"Allah ya raya. Ka ba ta kanwa. Kanwa ke ɗaure jikin mai jego, ita ke ɗaure jikin doki."

Na dawo da maganar tarwaɗa a raina. Ni na ɗauko uwarta daga inda take, ba ta roƙe ni ba. In na zuba 'yar a kogi da wannan jiki, daidai yake da na miƙa ta a bakin kifi da hannuna. In na bar ta, ranar Juma'a Larai za ta kife randa, kajinta kuma ba sa tambayar dangin abu kafin su tsattsage shi. Kwana shida ke gare ni.

Lahadi ta wuce, bayanta bai canza ba sai kaɗan, ya zama kamar takardar da ta jiƙe ta bushe. Na sake mata ruwa sau biyu, duk na duron indararo.

Ranar Litinin Zuhra ta zo barka. 'Yar ƙanena ce, tana koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Gaya. Ita kaɗai ce a dangi ke neman in buɗe mata akwatin ƙarfe. Bayan ta ga jariri ta sha kunu, na ja ta bayan rumbu na ba ta labari da murya ƙasa-ƙasa, har zuwa binnewa. Ta leƙa randa ta daɗe, kafaɗunta suna rawa. Da ta ɗago, ta share ido da bakin mayafi.

"Baffa, ba wanda ya mutu. Rigarta ka binne."

"Riga mai ido?"

"Har da ido, har da ƙafafu. Saɓa ta yi, kamar maciji. Ita ƙashinta a waje yake, kuma ba ya girma tare da ita. In ya matse ta, sai ta shirya sabo mai laushi a ƙarƙashinsa, ta tsaga tsohon ta baya ta zare jikinta. Daga nan ta sha ruwa ta kumbura, don in sabon ya yi tauri ya zama da fili. Shi ya sa ka ga ta fi girma."

A aji huɗu ba a kai mu nan ba.

"To me ya sa ya ƙi tauri?"

"Sabon ɓawon kamar ɗakin da aka kafa itace ne ba a yaɓe ba. Sai ta bi shi tana cusa wani sinadari, sunansa kalsiyam, kaɗan-kaɗan, hawa bisa hawa, har ya zama kamar dutse. Shi ne a ƙashinka, shi ne a ɓawon ƙwai. Kaɗan ta zuƙo daga tsohuwar rigar ta ajiye a jikinta kafin ta tuɓe. Sauran kuma daga ruwa take jawowa, sannan ta juya ta cinye tsohuwar rigar."

"Ta cinye ta."

"Abincinta na jego ke nan. Wane ruwa kake zuba mata?"

"Na sama. Na baƙi."

"Ruwan sama ba komai a cikinsa, Baffa. Ka ɗauke mata tuwo, ka ba ta ruwan da ba ya riƙe ciki. Ruwa mai nauyi take so, irin wanda ke barin farin ɓawo a gindin buta. Akwai irinsa a nan kusa?"

Na ce zan bincika.

Ta dubi aljihuna da ya yi tudu. "Mene ne wannan?"

"Kanwa ce."

"Kada ka sa. Ba ita ba ce, ƙona ta za ta yi."

Ashe Larai tana tsaye a bayanmu da ƙwaryar dusa, ta ji komai. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ce da Zuhra, ba da ni ba, "Abin da kaji ke yi ke nan. In kaza ta fara ƙwai ba ɓawo, ɓawon ƙwai nake soya mata in daka. Da an tambaye ni."

"Ba ki tambayi yadda take ba," na ce.

"Mai jego ɗaya aka ba ni."

Ranar Talata, bayan wankan safe, na jira garwashi ya mutu. Sannan na sanar da Larai cewa ina bukatar a matsar da murhu na ɗan lokaci.

"Murhun jego, Malam? Me ke ƙarƙashinsa?"

"Rigar."

Ta ajiye muciya a hankali. "Kwana uku ke nan ina dafa ruwan wankan jikanka a kan kabarin ƙaguwa."

"Ba kabari ba ne, Zuhra ta ce ba wanda ya mutu."

"Kafin la'asar in ga duwatsuna a inda suke, wuta tana ci."

Na mirgine rabin duron, na kawar da duwatsu, na share toka. Ƙasar ta gasu ta yi tauri kamar daɓe, sai da na sa fartanya. Matan da suka zo barka suka tsaya a bakin ƙofar Sadiyya suna kallon surukin gida yana haƙa a murhu. Wata tsohuwa ta tambaya ko wani abu aka binne wa gidan. Larai ta ce mata e, amma mai binnewar ne ke tonewa, kada ta damu.

Ganyen masarar ya zama baƙi. Rigar kuma ta farfashe, zafi ya sa ta yi fari, tururuwa sun yi gaba da ƙafafu huɗu. Na tsince abin da ya rage a tafin hannu, bai cika cokali biyu ba, na wanke. Na mayar da murhu, na hura wuta da kaina, abin da rabona da yi tun ina saurayi.

Daga nan na ɗauki jarka na nufi gidan Kabo. Na bi ta doguwar hanya, ta bayan makabarta, amma duk da haka na isa. Yana zaune a gindin darbejiya tare da mutum uku na majalisa.

"Na zo ɗiban ruwa," na ce.

"Wane ruwa?"

"Na rijiya."

"Wace rijiya? Akwai ta masallaci, akwai famfon makaranta."

"Taka."

Kabo ya juya ya dubi mutanen ɗaya bayan ɗaya, don kowa ya zama shaida. "Ka yi shawara da iyalinka?"

"Na yi."

"Me ke cikin ruwan nawa da babu a naka?"

"Kalsiyam."

"Yabo ne ko zagi?"

"Yabo ne."

"To faɗi da Hausa."

Na ce ruwan rijiyar Kabo ya fi ruwan sama amfani ga mai bukatarsa. Ya ce in cire ƙarshen maganar. Na cire. Ya ba ni guga, har ya taso da gwiwarsa ya riƙe mini bakin jarka.

Na sauya ruwan randa rabi-rabi, yadda Zuhra ta ce, kada baƙon ruwa ya firgita ta. Na zuba gutsattsarin rigar kusa da dutse. Ba ta fito ba ina nan. Da na dawo bayan la'asar, na same ta ta riƙe wani gutsuren bayanta na da, tana kai shi baki a hankali, ƙananan hannuwan bakinta suna aiki kamar mace na tsifar kai. Na daɗe ban ga abin da ya kai wannan ba. A ce mutum ya tuɓe kansa, ya zauna ya ci, don ya sake zama kansa. Na so in kira wani ya gani, amma duk gidan ana hidimar jariri.

Ranar Laraba da safe ba sauran riga sai kan awartaki ɗaya, wanda ya fi ƙarfin bakinta. A gefen dutse kuma na ga wani farin gari da ba ni na zuba ba. Na shafa, na sansana. Soyayyen ɓawon ƙwai ne dakakke. Na san dakan Larai in na gan shi.

Na fara gwada ta da bayan cokali, sau uku a yini. Laraba, ƙarar kamar ta busasshen ganye. Alhamis da safe, kamar ta ɓawon gyaɗa. Na lura taurin ba lokaci ɗaya yake zuwa ba. Bakin ne ya fara, sai kan hannuwa, sai gefen baya, yana tafiya zuwa tsakiya kamar yadda tabki ke bushewa daga baki. Launinta ma ya koma na ƙasar fadama. Alhamis da yamma gefuna suna amsa cokali da ƙas-ƙas, amma tsakiyar bayan, wuri kamar faɗin farcen babban yatsa, yana lotsawa har yanzu.

Juma'a da hantsi Larai ta zo bayan rumbu da soso da toka. Na riga ta zuwa, ina zaune a kan turmi.

"Saura tsakiya," na ce. "A ƙara mata kwana biyu."

"Gobe mutum ɗari za su sha ruwa a gidan nan."

"Za a iya aron randa."

"A ce randar Larai tana ina? In ce ƙaguwa na jego a ciki?"

"Ai gaskiya ce."

"Matsa, Malam."

Ban matsa ba, amma ban hana ta ba. Ta naɗe hannun riga, ta karkata randa, ta zura hannu har kafaɗa. Na ga fuskarta ta tsaya. Ba ta yi ƙara ba, Larai ba ta yi ƙara ba ko a haihuwa tara. Ta zaro hannun a hankali, ga ƙaguwa tana lilo a ɗan yatsanta na tsakiya, jini yana bin awartakin yana ɗiga a kan toka.

Ta ɗaga ta daidai idonta. Da ɗaya hannun ta sa babban yatsa ta danna tsakiyar bayan da ƙarfi, yadda take gwada kabewa a kasuwar Ajingi. Bai lotsa ba.

"Ta warke," ta ce. "Cire mini ita."

Sai da na tsoma hannunta cikin ruwa kafin ƙaguwar ta saki. Na gwada tsakiyar da cokali don in tabbatar, ta amsa kamar gindin ƙwarya. Ashe cikin kwana ɗaya ta rufe wurin.

Na sa ta a bokiti da ruwan Kabo, na rufe da faifai, na ɗaure a bayan keke. Ban tsaya a gona ba, na wuce har bakin kogi, inda duwatsu suke. Akwai zalɓe ɗaya a tsallake, tsaye da ƙafa ɗaya. Na jefa masa hoge, ya matsa taku uku. Na karkata bokiti. Ta fito ta tsaya a kan yashi, ta ɗaga hannuwa biyu sama kamar ranar da na same ta, sannan ta yi gefe ta shige ƙarƙashin wani baƙin dutse. Ba ta waiwayo ba, ko da yake da irin idonta ba a sanin inda take kallo. Na zauna ina gadin dutsen har rana ta take tsaka, na tashi don kada in rasa Juma'a.

Ranar suna an sa wa yaro Kamilu. An sha ruwan randa har aka ga gindinta, ba wanda ya ce ya ji wani ɗanɗano. Larai ta yi rabon tuwo da yatsa a naɗe da tsumma. Na ji wata daga dangin Sadiyya, mutanen Kademi, tana tambayarta abin da ya same ta.

"Baƙuwar Malam ce ta yi mini sallama," ta ce, ta miƙa mata kwano.

Kan awartakin nan da ta kasa ci yana cikin akwatin ƙarfe, kusa da haƙorin jaki. Kabo ya aiko a gaya mini cewa rabinsa nasa ne.